Ƙararrawar Usta Sodangi

Duk wanda ya zauna a Hillar Mati, wani ƙauyen Hausawa da ke kan hanyar Madani zuwa Sinnar, ya san abu biyu ba a raba su da Sodangi: doguwar farar hula da dogon baki. Hular daga Madani ya zo da ita. Bakin kuwa da shi aka haife shi.

A shekarun da ake aikin madatsar ruwa can Damazin, lokacin da manyan motoci suka mai da hanyar nan tasu, sai ga Sodangi ya diro daga bayan wata lori da akwatin katako a ka. Cikin akwatin akwai farantan tangaran masu ɓalli a baki, waɗanda otal ya zubar shi kuma ya tsince, da cokula masu yatsu, da wata 'yar ƙararrawa ta tagulla da ya naɗe a tsumma kamar laya. Tun bai gama gaisawa da mutane ba ya kafa doka, wai daga yau babu Sodangi, sai Usta, wato gwanin sana'a.

"Usta na mi?" in ji wansa Jibo, mutumin da ke riƙe da hawashar gidansu, wato gonar audugar da hukuma ke ba manomi. Jibo bai da yawan magana, amma in ya yi ta takan zauna.

"Usta na girki, Yaya! Wanga hannu da kake gani, manyan ƙasa sun lashi yatsa a kansa. Turawa sun ci sun rubuta wa iyayensu."

"Suka ce mi?"

"Suka ce kada a jira su."

Shekarun da ya yi a wani babban otal a Madani ba su da tsayayyen lissafi. In ya faɗa da safe tara ne, in an kai yamma sun zama sha huɗu. Amma ni da nake ba ku labari zan gaya muku gaskiyar abin. Sodangi ya yi aiki a otal ɗin, wannan ba ƙarya. Ya fara da wanke-wanke, ya hau zuwa yankan albasa, har ya kai ana barinsa ya juya tukunya, kuma wallahi hannunsa na da daɗi. Sai dai duk zamansa a bayan bango ya yi shi. Tsakanin madafa da ɗakin cin abinci akwai wata 'yar taga da ake tura faranti, da wata ƙofa wadda ma'aikatan madafa ba su da izinin ƙetarewa. Abin da Sodangi ya sani game da yadda manya ke cin abinci, ta wannan taga ya san shi. A tura shorba, can sai ya ji ƙararrawa, ƙililin, masu kai abinci su ruga su kwaso faranti. A tura kifi, ƙililin, a kwaso. A tura nama, ƙililin. Kuma farantan sukan dawo da rabin abinci a ciki, wani lokaci ma kamar ba a taɓa ba. Daga nan ya fitar da ilimi guda biyu: cin manya da ƙararrawa ake yin sa, kuma babban mutum na gaske ba ya sharce faranti. Abu ɗaya ne bai taɓa tambaya ba, wato wa ke kaɗa ƙararrawar. Mai cika baki ba ya son tambaya.

Shirinsa kuwa ba ƙarami ba ne. Zai buɗe gidan abinci a Hillar Mati, abin da Larabawa ke kira mat'am. In ya kankama ya buɗe na biyu a Sinnar, na uku a Abu Hujar, na huɗu a bakin madatsar Damazin, daga nan ya daina girki ya koma yawo a mota yana leƙa tukwane. Wurin da ya sa wa ido shi ne zauren gidansu, wanda ƙofarsa ke kallon inda motoci ke tsayawa shan ruwa. Matsalar ita ce zauren da mai shi. Tun rasuwar mahaifinsu, jakin Jibo ne ke kwana a ciki.

"Ka ba ni zaure, Yaya. Jaki ai ko gindin bishiya ya ishe shi."

Jibo ya dube shi, ya dubi jakin. "Shi wanga yana kai ni gona ya dawo da ni. Kai ina ka taɓa kai ni?"

"Zan kai ka Damazin a gaban mota."

"To, ji sharaɗina. Ka tara dattawan gari ranar buɗewa. In sun ci, Liman ya shafa maka fatiha, zaure ya zama naka har abada. In ba a shafa ba, jaki ya koma ɗakinsa, kai kuma ka bi ni hawasha."

Sodangi ya yi dariya har hularsa ta karkace, don ya sha rantsuwa a bainar jama'a cewa hannunsa da fartanya sai dai a lahira in ana noma can. Ya ce ya yarda. Jibo ya miƙe. Ya shiga gida ya fito da wata fartanya, ya kafa ƙusa a bangon zauren ya rataye ta, ya ce a bar ta nan don kada a sha wahalar nema.

Aka shiga shiri. Sodangi ya share zaure, ya turara shi da turaren wuta har sau uku, amma jaki bai gama fita daga iskar ɗakin ba. Ya ɓalle ƙyauren ɗakunan gida biyu, ya ɗora su kan gangunan man mota, suka zama tebur. Kujeru babu, sai ya jera angarib, gadajen nan na igiya. Sannan ya ɗauko diga ya huda bangon bayan zauren, ya yi taga daidai irin ta Madani, ya rufe ta da labulen buhu. Bayan tagar nan ne madafa, kuma ya sanar cewa Usta ba ya shiga wajen masu ci, wannan aikin ƙananan ma'aikata ne.

Matarsa Fatsuma, wadda ragonta na kiwo ne za a yanka, ta tsaya ta riƙe ƙugu tana sauraron jerin abin da za a dafa.

"Shorba, sai kifi, sai salak, sai nama."

"Na ji. Ina tuwon?"

"Babu tuwo."

"Asida fa? Ko kisra?"

"Fatsuma, mat'am za mu buɗe, ba sadakar bakwai ba."

"Malam, dattawan garin nan za ka kira ka ba su miya ba tuwo?"

"Ba miya ba ce, shorba ce. Kuma ba a haɗa su wuri ɗaya a tire kowa ya zuba hannu kamar kaji. Bi da bi ake kawowa, kowa da farantinsa."

"Allah ya ba da sa'a," in ji ta. "Ragona dai ya riga ya ga ta kansa."

Saura mai kai abinci, wanda a otal ake ce wa sufraji. Sodangi ya zaɓi abokinsa na ƙuruciya, Maliki, wani ƙaton mutum mai aikin ɗaukar buhunan auduga, wanda tunda aka yaye shi ba a taɓa jin ya ce ya ƙoshi ba. Ya ɗaura masa jan ƙyalle a ƙugu, ya koya masa aiki cikin magana biyu.

"In ka ji ƙararrawa, ka kwashe duk abin da ke kan tebur. Ba tambaya, ba jira."

"Ko ba su gama ba?"

"Ƙararrawa ita ce gamawa."

"To ladana fa, ya zol, mutumina?"

"Dokar Madani: abin da ya dawo a faranti na ma'aikata ne."

Maliki ya juya maganar a ransa. Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya tuna ragon Fatsuma, ya rufe. Ya ce shi dai bai taɓa jin doka mai adalci irin wannan ba.

Ana gobe buɗewa Sodangi ya bi gidajen dattawa ɗaya bayan ɗaya da gargaɗi: kada kowa ya sa komai a bakinsa tun asuba, ko shayi, don cikin da ya saba da asida sai an share shi kafin ya karɓi abincin manya. Ya kuma roƙi matansu su zo su taya Fatsuma aiki. Dattawa suka ce wa iyalinsu kada a ɗora musu tukunya gobe. Liman Audi ma tun daren ya rage cin tuwo.

Da hantsi ya ɗaga, zaure ya cika. Ga Mai gari Mamuda a tsakiya da rawaninsa, tsoho mai ji da girmansa wanda ko tari sai ya duba wa ke wurin kafin ya yi. Ga Liman Audi a damansa, ga sauran dattawa, ga Jibo a can ƙarshe, daidai ƙarƙashin fartanya. Da suka zauna kan angarib, igiya ta lotsa da su, teburin kuma na kan ganguna, sai ya zamana gemun kowa ne ke daidai da bakin tebur. Mutanen gari kuwa sun yi cincirindo a ƙofa, har da wasu direbobi biyu da suka tsaya shan ruwa suka fasa tafiya.

Labulen buhu ya motsa, faranti suka fara fitowa. Maliki ya ajiye wa kowa shorba a gabansa. Ƙamshi ya tashi, irin wanda ke sa hanji ya yi magana. Dattawa suka leƙa farantansu daga ƙasa, suka ga romo, suka gane miya ce ta riga tuwo isowa. Suka gyara zama suna jiran tuwo. Mai gari ya tambayi Liman labarin ruwan bana, Liman ya ce da godiya.

Ƙililin!

Kafin ka ce kwabo Maliki ya tattare farantan nan ya tura ta taga. Dattawa suka bi su da ido.

"Ina jin za a ɗumama ta ne," in ji wani.

"Haka ne," in ji Mai gari. "Tuwon ne bai nuna ba."

A bayan bango, Sodangi ya ga faranti sun dawo a cike maƙil, ko cokali ba a tsoma ba. Ya dafe ƙirji. "Fatsuma, zo ki gani! Wallahi na raina mutanen garin nan. Ko Turawan Madani sukan kurɓi rabi. Waɗannan ai sun fi su wayewa!"

Fatsuma ta duba, ta dubi mijinta, ta ce, "Ka leƙa ka gani mana."

"Usta ba ya leƙe."

Maliki ya zagayo ta baya ya shanye faranti huɗu a tsaye. Sauran ya ce wa matan dattawa bismillah, dokar Madani ce. Dije, matar Liman, ta ce ita ba ta saɓa wa doka.

Kifi ya fito, karfasa ce ta kogi, an soya ta ta yi ja. Wannan karon dattawa suka ga abin ci sosai. Amma mai gida bai fito ya ce bismillah ba, kuma ba a kawo ruwan wanke hannu ba, babba kuwa ba ya afka wa abinci kamar wanda aka kwance. Aka zuba wa kifi ido. Sai Liman ya ga bari ya cike giɓin da addu'a, tunda buɗe sabon wuri ne. Aka ɗaga hannuwa. Shi kuwa Liman Audi in ya kama addu'a sai ya taɓo kowa. Ya roƙa wa masu rai, ya roƙa wa kakanni da suka taso daga yamma da niyyar hajji suka yada zango a nan, ya roƙa wa auduga tsari daga tsutsa, ya roƙa wa matafiya na tudu da na ruwa. Yana cikin na ruwa aka ji ƙililin. Ba mai iya sauke hannu ana tsakiyar addu'a. Suna ji suna gani ta tsakanin yatsu Maliki ya bi su ɗaya-ɗaya yana cewa amin yana ɗauke kifi.

Da aka shafa, tebur wayam.

"Allah gafarta Malam," in ji Mai gari a hankali, "addu'a ta yi kyau. Ta gaba a taƙaita."

"Ranka ya daɗe, ban ma kai kan marasa lafiya ba."

"Mun kusa shiga cikinsu, ka haɗa gaba ɗaya."

Wani dattijo ya jawo jan ƙyallen Maliki ya raɗa masa, "Kai, ina ake kai abincin nan?"

"Baya, Baba."

"A yi mi da shi?"

"Ana kula da shi," in ji Maliki, yana goge baki.

Na uku shi ne salak. Aka dire wa kowa tulin ɗanyen ganye da tumatir da albasa. Dattawa suka dube shi. Mai gari ya sa yatsa ya ɗaga ganye ɗaya ko akwai wani abu a ƙarƙashi, ya tarar da wani ganyen. Jibo ya ce da alama wannan rabon mai ɗakin ne na da. Kowa ya naɗe hannu yana jiran ƙararrawa ta zo ta raba su da shi. Ƙararrawa kuwa ta ƙi kaɗawa, don a lokacin wutar nama ta kama gefen hular Sodangi, yana can yana fama. Salak ya zauna, dattawa suka zauna. Rana ta take tsaka. Cikin wani ya yi ƙugi, kowa ya dubi waje kamar mota ce ta wuce. Mutanen ƙofa suka fara ba da shawara.

"Baba, ku ci mana, kada shi ma ya tafi!"

"Ku bar su, sai an kawo dusa a haɗa!"

Mai gari ya yi kamar bai ji ba. Da ƙararrawa ta kaɗa daga ƙarshe, har da masu cewa alhamdu lillahi. Salak ɗin ko a baya bai samu masoyi ba, Maliki ya jibge farantansa a gindin bango cikin zauren.

Sai nama. Jama'a, ragon Fatsuma ya yi kyau! An gasa shi da tafarnuwa, mai na nasowa, kowa da ƙaton yanki. Yanzu kam dattawa sun gane yadda duniyar ke tafiya. Ba wanda ya nemi mai gida, ba wanda ya nemi ruwan wanke hannu. Liman ya yi bismillah mafi gajarta a rayuwarsa. Sai dai har a wannan hali ba mai sa hannu kafin Mai gari, shi kuma Mai gari sai da ya naɗe hannun riga, na dama, sannan na hagu, don kada a ce yana gaggawa. Ya kai hannu, naman da zafi, ya janye ya busa yatsu.

A bayan bango kuwa Sodangi ya lura salak ya cinye masa lokaci, kuma a Madani ba a barin abinci ya yi latti. Ya ga bari ya rama a kan nama.

Ƙililin!

Maliki ya taho. Mai gari ya dafe farantinsa da hannu biyu.

"Saki, ranka ya daɗe. An kaɗa."

"Ban ji ba."

"Kowa ya ji."

"Maliki, ni na raɗa wa ubanka suna. Saki farantin nan."

"Ranka ya daɗe, doka ce, ba ni na yi ta ba."

Liman ya ga ana wannan, ya sure namansa ya jefa a aljihun jallabiya, zafi ya ratsa shi ya miƙe zumbur yana salati. Wani dattijo ya cusa nasa cikin hula ya mai da ita ka. Maliki na ja, Mai gari na ja, mutanen ƙofa sun rabu biyu kowa da gwaninsa, direbobin nan har sun hau kan taya don su gani da kyau. Da Maliki ya sa ƙarfin ɗaukar buhu, sai Mai gari ya taso daga kan angarib gaba ɗaya ya kwanta a kan tebur, bai saki ba. Ganga ta mirgine. Ƙyaure ya tashi sama ta gefe ɗaya, nama ya yi ƙasa, tangaran ya tarwatse, rawani ya warware ya bi bayan gangar har bakin ƙofa. Karnukan gari, waɗanda tun safe suke zagaye, suka shigo ta tsakanin ƙafafun mutane suka yi abin da ya kawo su.

Wannan ƙara ce ta fito da Usta daga madafa, hula rabi a ƙone, ƙararrawa a hannu.

"Subhanallahi! Wane irin ƙauyanci ne wannan? Kun fara da kyau, kun iya shorba, kun iya kifi, sai a nama za ku ba ni kunya?"

Mai gari, yana zaune a ƙasa da gutsuren faranti a hannu, ya ɗago ya dube shi.

Cikin 'yan kallo akwai Salmanu, ɗan garin ne da ke aikin akawu a ofishin auduga a Madani, ya zo ganin gida. Ya taɓa raka maigidansa irin wannan otal sau ɗaya, ya zauna ya ci. Ya matso cikin ladabi.

"Kawu Sodangi, don Allah in tambaya. Me ƙararrawa take yi a hannunka?"

"A hannun wa za ta kasance?"

"Ai a kan tebur ake ajiye ta. Mai ci ne ke kaɗawa in ya ƙoshi, sannan a zo a kwashe."

Karnuka dai na ta aikinsu.

"Mai ci?" in ji Sodangi.

"Mai ci. Ai ka gani da idonka, duk shekarun nan."

Sodangi ya dubi ƙararrawar kamar yau ya fara ganinta. Ya dubi tagar da ya huda da hannunsa. Jibo ne ya yi tambayar daga inda yake zaune, don shi kaɗai bai motsa ba tun da aka fara.

"Sodangi, ka taɓa shiga ɗakin da ake cin?"

"Ba a barin mu, Yaya," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Akwai ƙofa."

Gaskiya a nan ya ba ni tausayi, kuma ba ni kaɗai ba. Har waɗanda suka fi kowa dariya suka sunkuyar da kai. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana dafa wa mutane abinci bai taɓa ganin bakin da ke ci ba. Mai gari ma ya sassauto, ya karɓi rawaninsa da aka miƙo masa, ya ce to, abin da ya wuce ya wuce, a dawo da shorbar nan da kifin, a juye a tire ɗaya a ci kamar mutane.

Maliki ya fara matsawa wajen ƙofa.

Labulen buhu ya ɗaga, fuskar Dije matar Liman ta bayyana a taga, tana sakace. "Wace shorba, ranka ya daɗe? Ai kun rage mana, mun gode. Allah ya saka. Kifin nan kam ba a magana." Ta hango mijinta yana fifita cinya. "Malam, ka tuna ka ce kada a ɗora tukunya yau. Ban ɗora ba."

Duk da haka Sodangi bai fid da rai ba, don zaure na neman kuɓuce masa. Ya cire hula, ya durƙusa gaban Liman. "Allah gafarta Malam, ko a tsaye ne, a ɗan shafa mini fatihar."

"Ɗana, fatihar abinci bayan an ci ake yin ta. Nuna mini wanda ya ci a ɗakin nan."

"Ai ga nama a aljihunka."

"Wannan ƙuna ce, ba ci ba."

Liman ya fita yana ɗingishi, dattawa suka bi shi a jere, wanda ya sa nama a hula yana tafe mai na bin bayan kunnensa, karnuka biyu na take masa baya. Aka ce ranar a gidan wata tsohuwa mai sai da ƙosai suka ƙare, Mai gari da kansa ya ci na takarda a tsaye.

Jibo ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ya fita, jim kaɗan ya dawo janye da jaki. Jakin ya tsaya a bakin ƙofa ya shinshina, ya ga an ɓata masa ɗaki amma ba laifi, ya wuce kai tsaye gindin bango inda aka jibge salak. Ya bi farantan ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ba mai kaɗa masa komai, har ya lashe na ƙarshe tas. Sodangi ya tsaya yana kallo. Wannan ne karo na farko da ya ga ana cin abincinsa daga faranti a ɗakin ci da idonsa. Ya sunkuya ya ɗauki faranti ɗaya, ya juya shi, ya nuna wa wansa.

"Ka gani ko, Yaya? Bai iya ci ba. Ko kaɗan bai rage ba."

"A hankali zai koya," in ji Jibo. Ya zare ƙararrawar daga hannun ƙanensa, ya zura mata igiya ya ɗaura a wuyan jaki. Sannan ya miƙa hannu bango ya sauko da fartanya.

Mat'am na Sinnar da na Abu Hujar da na Damazin duk a ranar suka rufe tare. Daga wannan damina, in ka bi ta hawashar Jibo za ka hango doguwar hula mai ƙonannen gefe tana sunkuye cikin auduga. Jaki na ɗaure a bakin magudanar ruwa yana kiwo. In ya ƙoshi ya girgiza kai, ƙililin, sai ka ga Sodangi ya miƙe zumbur ya waiga. Jibo ko ɗagowa ba ya yi, sai dai ya ce, "Ba da kai ake ba, Usta. Mai ci ne ya kaɗa."